MAI SUNAN WA?

Shafi na 17

Masu damuna da "Hajiya a ƙaro", ga shi nan. Wadda ta rubuto ta ce soyayyar ƙuruciya ita ce ta gaskiya don babu lissafi a cikinta, da malamin da ya ce wasan ƙasa ce kawai, ku matso ku zauna a tabarma ɗaya. Babu wanda na ba gaskiya a cikinku tukuna.

*

Gwaggo Uwani ba ta ko ɗaga kai daga farantin shinkafar da take tsinta a baranda ba. Kunne ne ya kama, kuma kunnen malamar makaranta da ya tsufa yana kamo raɗar 'yan aji ba ya kuskure.

"Asabe."

"Na'am, Gwaggo."

"Dawo nan. Me kika ce wa direba?"

Asabe ta dawo da tiren kofunan shayi a hannu, ta tsaya ɗan nesa, inda hannu ba zai kai ba.

"Cewa na yi Baba ya ce a wanke mota."

"Ba saƙon na tambaya ba. Da me kika kira shi?"

Asabe ta gyara riƙon tire.

"Mai suna na ji kin ce. Ko kunnena ne ya fara lalacewa?"

"Bakina ne ya suɓuce."

"Baki ba ya suɓucewa sai da abin da ya ajiye. Tun ranar da ubanki ya sami mota kike kiran bawan Allah nan Malam Ɗahiru, baki a buɗe. Yau ya zama Mai suna." Sai yanzu ta ɗago. "Mai sunan wa?"

Kowa ya sani, mace ba ta kama sunan mijinta. Ba ta kama na surukinta, ba ta kama na ɗan farinta. Duk wanda ya ci sunan, shi ma ya ci albarkaci, sai ya koma Mai suna. To Asabe ba ta da miji, ba ta da suruki, ba ta haihu ba. Shekararta sha shida, jiya-jiya ta bar tsallen igiya.

Gwaggo ta ture farantin gefe. Ba ta sha wahalar bincike ba. Ban da direba, Ɗahiru ɗaya ne a duk wannan layi na Nassarawa: ɗan Mamman kuku na gidan Baturen likita, can bayan shingen lalle.

"Lallai," in ji ta. "Lallai biri ya yi kama da mutum. Ashe shi ne teku."

"Gwaggo..."

"Shi ne teku, shi ne jirgin ruwa, shi ne sanyin Ingila da kike cewa zai kashe ki. Ajiye tiren nan kafin ki fasa wa gwamnati kofuna. Zauna."

Asabe ta zauna a bakin baranda, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska.

A duk ajinsu 'yan mata biyu aka zaɓa su tafi Ingila koyon aikin jinya, Asabe ce ɗaya. Tunda maganar ta fito take kawo dalili, yau tsoron ruwa, gobe ciwon ƙirji. Ubanta Malam Tanko, ƙanin Gwaggo, mutum ne mai sanyin hali a kan marainiyar 'yarsa, ya ce ba zai tilasta ta ba. Baturiyar da take shugabantar makarantar, wadda 'yan mata suka laƙaba wa Mai Tabarau, ta ce haƙurinta ya ƙare: yau kafin magariba za ta zo gidan da kanta ta ji e ko a'a. In a'a ce, a ba wata.

Gwaggo kuwa har magani ta jiƙa wa yarinyar nan na ciwon ƙirji. Da ta tuna haka sai ta ji wuyanta ya yi zafi.

"Tun yaushe?"

"Tun hutun da ya wuce."

"Ya taɓa zuwa ƙofar gidan nan ya yi sallama, ya gai da mutane, ya ce ana sallama da Asabe, kamar yadda 'ya'yan mutane suke yi?"

"A'a."

"To a ina ake zancen?"

"Ta shinge."

"Ta shinge. Kamar awaki." Gwaggo ta gyaɗa kai. "Mun shigo unguwar Turawa, mun gaji gidansu, mun gaji kofunansu, ashe har da tsayuwar bayan shinge muka gada. Me ya taɓa ba ki?"

Asabe ta yi ƙasa da murya.

"Fure."

"Me?"

"Fure, Gwaggo."

"Fure! Na wane lambu? Na likita?"

"Eh."

"Ko furen ma na sata ne. To ci kika yi ko ɗaurawa? A zamaninmu saurayi ko goro ɗaya ya kawo, ka san guminsa ne. Wannan ya tsinko ciyawar ubangidan ubansa ya miƙo miki ta kan ƙaya, ke kuma kin rungume har kin daina kama sunansa. Shi da me yake kiranki?"

Asabe ta ƙara jan ɗankwali a fuska.

"Da ke nake."

"Dalin."

Gwaggo ta yi wata dariya gajeriya ta hanci.

"Haka matar likita take kiran karenta. Kullum da yamma ina ji. Nan ya tsinto shi, ya karkaɗe, ya kawo miki."

Idon Asabe ya kawo ruwa, amma ba na kuka ba.

"Ba ki san shi ba, Gwaggo. Ya ce in na tafi mutuwa zai yi."

"Da wace cuta?"

"Ya ce ko abinci ba ya iya ci."

"Ɗan kuku? Shekaranjiya na hango shi a bayan kicin da ƙafar kaza a kowane hannu. Kumatun nan nasa kamar an hura. In haka rashin ci yake, Allah ya ɗora min."

"Ya ce in ya gama makaranta ya sami akawu zai turo."

"Ya ce, ya ce, ya ce. Rediyo ma tana cewa. Tun safe take cewa saura kwanaki kaɗan a sauke tutar Ingila kowa ya zama ɗan sarki. Ke kin ga an ƙara miki nama a miya?"

Asabe ta yaye ɗankwalin daga fuskarta. Gwaggo ta san wannan kallon, na uwarta ne, Allah ya jiƙanta. Mace mai shiru-shiru, ranar da ta buɗe baki kuwa sai an tattara gawa.

"Gwaggo, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Ke da girmanki kika yi aure. Kin gama karatu, kina koyarwa, da hankalinki kika zaɓa. Har sau biyu. Ina suke?"

Tsuntsaye suka ci gaba da hayaniyarsu a kan darbejiya. Can gefen gareji direba yana watsa wa mota ruwa yana 'yar waƙarsa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

"Kin iya harbi," in ji ta daga ƙarshe.

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Ai gaskiya yarinyar ta faɗa. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Gwaggo ta daɗe da sanin manya ne suka ƙirƙiro wannan karin maganar, yara ba sa wurin. Ta ga manya da yawa zaune a gindin rimin, da furfura da carbi, ba su hango ko ƙofar gidansu ba. Mijinta na fari malamin makaranta ne mai gemu, ya so ta kamar ya haɗiye, har ranar da albashinta ya kamo nasa. Na biyu ko ambatonsa ɓata yawu ne. In soyayyar yara wasan ƙasa ce, ta manya wasan ƙasa ce da aka yi wa rufin kwano.

Amma wannan bai wanke ɗan kuku ba.

"Saurara, 'yar nan. Ni ba zan ce miki abin da kike ji ƙarya ne ba. Masu faɗar haka sun manta nasu ne, ko kuma ba su taɓa yi ba. Zazzaɓi ma ba ƙarya ba ne, da gaske jiki yake zafi. Naki na gan shi da idona. Ya hana ki kama suna. Ya sa kin yi wa ubanki ƙarya, ke da ko naman miya ba ki taɓa ɗauka ba. Yau kuma zai hana ki Ingila. Na ga abin da ya ci miki. To nasa fa? Me ya ci masa?"

"Yana sona."

"Me ya ci masa, na ce. Barci? Takalmi? Me ya ajiye a ƙasa saboda ke?"

Asabe ta sunkuyar da kai.

"Kin gani. Ke kin yanka saniya, shi ya kawo gishiri, gishirin ma na aro."

"Ba a gwada shi ba ne kawai."

"To a gwada."

Asabe ta ɗago da sauri.

"Yanzu ubanki zai fito shan shayi. Shi kuma mutumin naki, in ban yi kuskure ba, shi ne mai fiton nan da nake ji kullum bayan la'asar, ina cewa wane marar tarbiyya ne yake kiran iskoki da rana tsaka. Zan kira shi nan. In ya tsaya a gaban ubanki ya ce wajenki ya zo, da bakinsa, ba tare da an matse shi ba, na rantse da Wanda raina yake hannunSa, ni Uwani zan miƙe in gaya wa Mai Tabarau ba za ki ba. In kuma tsaya miki a wajen ubanki har yaron ya gama makaranta."

Duk Nassarawa, har Gama da suka baro, an san rantsuwar Gwaggo Uwani. Ba ta cika yi ba, in ta yi kuwa ba ta taɓa yin kaffara ba.

Fuskar Asabe ta washe kamar an kunna fitila.

"Zai faɗa."

"In bai faɗa ba fa?"

"Zai faɗa, Gwaggo."

"Ciniki ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. In bai faɗa ba?"

Asabe ta gyara zama.

"Ya sha roƙona in kira sunansa ko sau ɗaya, ya ji yadda zai fito a bakina. Na ce masa ranar da ya ji sunansa a bakina, to ya san na cire shi ke nan." Ta ɗaga haɓa. "In ya musa ni, zan kira shi. A gaban kowa."

"Madalla."

Gwaggo ta jawo farantinta ta ci gaba da tsinta. Kada wani ya ɗauka adalci ta yi. Ta san inda ta haƙa raminta. Likita zai koma ƙasarsu da zarar an gama bikin 'yancin kai. Mamman kuku, da mata da 'ya'ya cike da ɗakunan boyi-boyi, ba shi da inda zai dosa. Malam Tanko ne ya yi masa alkawarin zai ɗauke shi girki, ya kuma ce in ɗan ya gama makaranta zai yi masa magana a ofis. Tuwon gidan Mamman gaba ɗaya a tafin hannun Malam Tanko yake. Wane ɗan kuku ne zai dubi siniya sabis, babban ma'aikacin gwamnati, ya ce masa ina tsayawa da 'yarka ta bayan shinge?

Asabe ba ta yi wannan lissafin ba. Masu so ba sa yi, shi ya sa ake cin su da sauƙi.

Ba a jima ba sai ga fiton. Siriri, mai lanƙwasa a ƙarshe, daga bayan lalle.

Asabe ta zabura. Gwaggo ta danna mata gwiwa da yatsa ɗaya.

"Kai mai fito!"

Fiton ya yanke kamar an sa wuƙa.

"Na ga ƙeyarka. Zagayo ta ƙofa, kamar mutum."

Ya daɗe kafin ya zagayo. Dogo ne siriri in ban da kumatun, da farin gajeren wando irin na masu tsintar ƙwallo a kulob, aikin da yake yi in an yi hutu. An tsaga gashi ta gefe, an shafe shi da mai har yana ɗaukar ido. Gwaggo ta dube shi daga tsagar har takalmin roba. Wannan ne. Saboda wannan za a bar Ingila.

"Gud ibinin, Ma."

"Ina wuni ta ƙare a gidanku?"

Ya durƙusa da sauri har gwiwarsa ta bugi siminti.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Ban haɗa jini da kai ba. Malama."

"Ina wuni, Malama."

"Lafiya. Ya jikin?"

Ya ɗago a ruɗe.

"Jikin wa?"

"Naka. An ce ba ka iya cin abinci."

Ya saci kallon Asabe. Ita kuwa murmushi take yi masa, irin na wadda ta riga ta ga ƙarshen labari kuma ya yi mata daɗi. Gwaggo ta kau da kai. Akwai abin da ko mai taurin zuciya ba ya son kallo.

Ƙofar falo ta buɗe. Malam Tanko ya fito da jarida a hammata, yana gyara zaman hula. Tunda aka ba shi gidan nan da Baturen gona ya bari, ya koyi shan shayin yamma a baranda yana kallon ciyawa, wai haka manya suke yi. Ciyawar da a Gama da tuni an kai wa tumaki.

"Yaya, sannu da hutawa. A'a, ɗan Mamman ne? Lafiya? Ubanka ne ya aiko ka?"

Yaron ya ƙara dunƙulewa.

"Ranka ya daɗe. Barka da yamma."

"Yauwa. Ka gaya masa maganarmu tana nan. Likita na tashi, ya kwaso kayansa ya dawo nan. Kai ma ka dage da karatu, ban manta da kai ba."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

"Malam," in ji Gwaggo, tana tsintar tsakuwa a hankali, "ba aiko shi aka yi ba. A jikin shingenka na gan shi. Na ce bari ya shigo ya gaya maka da kansa abin da yake nema."

Malam Tanko ya zauna, ya buɗe jarida.

"To, me kake nema?"

Gumi ya tsattsafo daga tsagar gashin, ya gangaro da mai a cikinsa. Yaron ya dubi Malam Tanko. Ya dubi rufin ɗakunan boyi-boyi da yake leƙowa ta saman shinge, inda hayaƙin girkin uwarsa yake tashi. Bai dubi Asabe ba.

"Ƙwallo ce, ranka ya daɗe."

"Ƙwallo?"

"Ta likita. Ta faɗo nan. Na zo dubawa."

"Da fito ake kiran ƙwallo?" in ji Gwaggo.

"Sabo ne, Malama."

"Ba wajen kowa ka zo ba?"

"A'a."

"Ka san yarinyar nan?"

Ai da ta bari a nan ma ya isa. Amma Gwaggo malama ce, ba ta barin darasi rabi.

"Ina dai... ina dai ganinta. In za ta makaranta."

"Ka san sunanta?"

"Ban... ban riƙe ba."

Malam Tanko ya juya shafi, bai ma san ana yanka a gabansa ba.

"To duba can wajen mangwaro, nan suke taruwa."

Gwaggo ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta jefar. Ta ci nasara. Ta jira daɗin cin ya zo, bai zo ba.

Asabe ta miƙe. Murmushin bai gama barin fuskarta ba, ya tsaya a wurin kamar baƙon da aka manta a sallama. Ta gyara ɗaurin zaninta. Ta sauko daga baranda, ta tsaya a kansa.

"Ɗahiru."

"Na'am!" in ji direba daga gareji, da tsumma a hannu.

"Ba kai ba, Malam Ɗahiru. Yi aikinka." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Wannan nake kira. Ɗahiru ɗan Mamman kuku. Ɗahiru mai fure."

Yaron ya ɗago kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

"Ka ce kana son ka ji yadda zai fito. To ka ji. Ɗahiru, ƙwallonka ba ta nan. Tashi ka tafi."

Malam Tanko ya sauke jarida.

"Ke Asabe, wane irin magana ce wannan? Haka ake yi wa ɗan maƙwabta?"

Ta koma ta ɗauki butar shayi ta fara zuba wa ubanta, har ya cika, har ya malala a faranti, ba ta gani ba.

Yaron ya tashi. Ya nufi ƙofa yana jan takalmi, kafaɗu a zube, man gashin ya gangaro har wuyan riga. Gwaggo ta bi shi da ido tana jin raini yana cika mata baki kamar ɗacin goro. Ga mai mutuwa. Ga wanda ba ya cin abinci. Tambaya uku ba su cika ba ya sayar da ita a kan ƙwallon da babu.

"Ki je ki wanke fuska," ta ce da Asabe a hankali. "Ki sa farar rigarki. Baƙuwarki tana hanya."

Kamar jira ake ta faɗa. Ƙaramar baƙar mota ta karyo kwanar layin, tana tafe a hankali ƙarƙashin tutocin kore da fari da aka ɗaɗɗaura a jikin itatuwa. Ta yi ham sau ɗaya a bakin ƙofa.

Yaron yana daidai ƙofar. Ya kauce ya ba motar hanya. Ya ga farin gashi da tabarau a ciki, kuma duk Nassarawa babu wanda bai san abin da ya kawo ta ba.

Ya tsaya.

Tafi mana, in ji Gwaggo a ranta. Tafi, ɗan nema. An gama da kai.

Bai tafi ba.

Ya juyo. Ya biyo bayan motar, yana tafe kamar wanda ake ja da igiya. A gindin baranda ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe. Ya durƙusa a gaban Malam Tanko, gwiwa biyu, ya matse hannuwansa a tsakanin cinyoyi.

"Ranka ya daɗe."

"Ka ga ƙwallon?"

"Babu ƙwallo."

"Kamar yaya babu?"

"Ƙarya na yi." Muryar ta fashe, ta koma ta yara, ya haɗiye ya sake kamo ta. "Wajenta na zo. Kullum wajenta nake zuwa, tun hutun da ya wuce. Sunanta Asabe, na riƙe. Sonta nake yi."

Butar shayi ta tsaya a iska.

"Babana bai sani ba, wallahi bai sani ba. In kora ce, ni za a kora. In duka ne, ga ni. Maganar ofis ma na haƙura. Don Allah kada a taɓa aikinsa."

Babu wanda ya matse shi. Da bakinsa. A gaban ubanta.

Gwaggo ta ji farantin ya yi mata nauyi a cinya. Ta nemi rainin nan da yake bakinta yanzu-yanzu, ta laluba, ta tarar ya ragu, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi. Me ya ajiye a ƙasa, ta ce. To ga shi ya ajiye: tuwon gidansu gaba ɗaya, a kan simintin Tanko, kusa da takalman roba. A makare, bayan ya yi ƙarya, yana rawar jiki kamar ɗan tsako a ruwa. Amma ita da ta yi rantsuwa, ba ta ce a karon farko ba. Ba ta sa lokaci ba. Malama guda, ta bar ƙofa a buɗe a cikin rantsuwarta.

Jaridar ta zame daga hannun Malam Tanko. Fuskarsa ta canza, sanyin nan da aka san shi da shi ya janye kamar ruwan rafi da rani.

"Yaya." Bai ɗaga murya ba. "Me yaron nan yake faɗa a gidana?"

Kafin ta amsa, ƙofar mota ta buɗe. Mai Tabarau ta fito tana gyara jaka a hannu, ta tako har gindin baranda. Ta dubi mai gida a tsaye, ta dubi yaro a durƙushe, ta dubi shayi kwance a ƙasa. Turawa sun iya yin kamar ba su gani ba.

"Salamu alaikum," ta ce da Hausarta mai ƙashi. "Malam, sannu da gida. Malama Uwani, sannu. Ba zan zauna ba." Ta juya. "To, Asabe. Za ki, ko ba za ki ba?"

Gwaggo ta ajiye farantin. Rantsuwa rantsuwa ce, ko a kan wawa aka yi ta. Ta dafa gwiwa, ta fara miƙewa, bakinta cike da maganar da ta fi tsana a duniya.

Hannu ya sauka a kafaɗarta. Ƙarami, mai sanyi, ya mayar da ita zaune.

Asabe ba ta dubi yaron ba. Ba ta dubi ubanta ba.

"Zauna, Gwaggo," in ji ta. "Ni aka tambaya."